Sitiyarin da Ba Ya Juya Komai

Duk layin an san Mai Zik da abu biyu, ɗinki mai kyau da riƙo. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana taka keken ɗinki a ɗakin gaba na gidansu, wanda ƙofarsa ke kallon titi, kuma a tsawon shekarun nan ba ta taɓa manta wanda ya taka ta ba. Akwai wata mata da ta taɓa ce mata hannun riga ya karkace, tun 'yarta Auta tana goye. Yau Auta ta yi aure har da 'ya'ya biyu, amma in matar nan ta zo wucewa ta yi gaisuwa, sai Mai Zik ta ƙara wa keke wuta, wai ba ta ji ba. Kuma don Allah a faɗi gaskiya, hannun rigar lafiyarsa ƙalau, kafaɗar matar ce a karkace.

Sunan ya bi ta ne saboda ba a taɓa kawo mata zik ya gagare ta ba. Na wando, na jaka, na rigar sanyi, wanda ya cije da wanda haƙoransa suka zube, ta duba shi ta ƙasan tabarau, ta goga masa kyandir, ta matse da filaya, sai ka ga ya bi hanya. Mutum ɗaya ne a duniya ba ya kiranta Mai Zik, shi ne mijinta, Direba. Shi Kwandasta yake ce mata, tun wata tafiya da suka yi suna sabon aure, ya ɗora ta a kujerar gaba ta bas ɗinsa, ta wuni tana ihun "Rami! Ga rami!" alhali ya riga ta gani.

Shekara biyu da suka wuce ciwon suga ya cinye idanun Direba. Ranar da suka dawo daga asibiti ya laluba ya kama wuyan hannunta ya ce, "Kwandasta, daga yau ke ce idona. In rami ne ki ce min rami, kin ji ko?" Ta ce ta ji, har da rantsuwa. Kuma ta riƙe alkawari. Ita ke karanta masa kwalin magani, ita ke gaya masa wanda ya wuce a titi da irin rigar da ya sa, da wanne jika ne ya faɗi haƙori. Wuri ɗaya kawai ta kauce. Takardar da likitan ido ya rubuta, ta karanta masa ita daga sama har kusa da ƙasa, da ta zo layi biyun ƙarshe sai bakinta ya ƙi, ta ce, "Wai a hankali zai dawo, a dai yi haƙuri." Ta ninke takardar ta tura ta can ƙarshen durowar keke, ƙarƙashin gwangwanin maɓallai.

Shi ya sa har yanzu bas ɗin na tsakar gida lulluɓe da tamfol. Kullum da safe Direba zai bi bango ya je ya hau, ya ƙwanƙwasa gaban motar sau uku, ya yi gyaran murya, ya tayar da inji ya saurare shi na minti goma, wai kada batir ya mutu kafin ya koma hanya. Mijin Auta, wanda shi ma direba ne, ya sha roƙo a ba shi motar ya riƙa ja kada ta lalace a tsaye. Direba ya ce mota mai miji ce, ba a aronta.

Wannan ƙwanƙwasa sau uku da gyaran murya ba nasa ba ne, a talabijin ya ɗauko. Duk Asabar da ƙarfe biyar na yamma ake nuna Masu Neman Rana, labarin wasu mutane da ranarsu ta mutu, suka zuba abin da ya rage na jama'arsu a wani ƙaton jirgin sararin samaniya, suka shiga duhu suna neman wata rana da za su zauna a ƙarƙashinta. Shekara goma sha ɗaya ana wannan tafiya. Matuƙin jirgin wani dattijo ne mai furfura da dashasshiyar murya, duk layin Baba Sitiyari suke ce masa. Shi ya ratsa da su ta cikin ruwan duwatsu, shi ya tsallakar da su bakin wata baƙar rijiya mai haɗiye taurari, da hannu ɗaya, ɗayan a karye. Lokacin da Direba ke gani, ko ina lodi ya kai shi sai ya san yadda ya yi ya kwana gida ranar Juma'a. Yakan zauna a bakin kujera yana ba Baba shawara: "Sauke giya, dattijo, sauke giya!"

'Yan wasan da wani yare suke magana, wanda babu mai jin ko kalma ɗaya a gidan, sai dai fassara tana wucewa a rubuce a ƙasan hoton. Don haka da ido ya tafi, aiki ya dawo kan Kwandasta. Biyar saura kwata za ta rufe keke da zane, ta jawo masa kujera kusa da talabijin ɗin da ke saman kabad ɗin yadudduka, ta zuba masa shayi marar suga, ta zauna a gefensa. Ta karanta abin da aka ce, ta faɗi abin da aka yi. A duk mako wannan awa ɗaya ce take ganin fuskar mijinta ta dawo yadda ta san ta.

To, a zango na goma sha biyu aka canza marubuta. Allah ya isa tsakaninmu da su, in ji Mai Zik, kuma ba ita kaɗai ba. Suka kawo wani sabon kyaftin, matashi mai gashi a kwance yana sheƙi, wanda tun kashi na farko ta raɗa masa Ɗan Kwalisa. Neman rana ya koma gefe, aka shiga soyayya da kallon juna ta taga. 'Yan kallo suka rabu gida biyu. A layinsu shugaban masu son sabon salo shi ne Mai Aski, wanda shagonsa ke kallon nata, mutumin da bai fara kallo ba sai a zango na tara amma ya fi kowa baki. Kullum cewa yake, "Yaya, zamani ne ya zo. Tsohon nan ya isa hutu."

A kashi na huɗu suka yi aika-aikar. Ɗan Kwalisa ya tara kowa a ɗakin tuƙi, ya durƙusa ya buɗe murfin da ke ƙarƙashin sitiyarin Baba, sai ga wayoyi a tsinke suna lilo, sun yi tsatsa. Rubutu ya wuce a ƙasa: tun ranar da aka tashi, na'ura ce ke tuƙa jirgin. Sitiyarin ba a haɗa shi da komai ba. An bar wa tsohon ne don kada ransa ya ɓaci, kuma manyan jirgin duk sun sani. Ruwan duwatsu, baƙar rijiya, karyayyen hannu, duk na'ura ce. Aka kama dattijon nan aka fita da shi.

Mai Zik ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Shekara goma sha ɗaya! Mutum ya bar lodi ya dawo gida don wannan tsoho, sannan wasu 'yan bana-bakwai su zauna a ɗaki mai sanyi su ce wai abin wasan yara yake riƙe da shi? Ta juya ta kalli Direba. Yana zaune ya karkato kunne, makullin mota a hannunsa yana juya shi.

"Kwandasta, na ji shiru. Me ake ciki?"

Ta ce, "Ɗan Kwalisa ne ya buɗe ƙasan sitiyari wai zai yi gyara, ya tsinka wayoyi. Baba ya kore shi ya ce a ba shi wuri."

"Madalla," in ji Direba. "Yaro bai san inji ba."

Daga ranar ta ɗaura ɗamarar yaƙi. Tunda marubutan suna can inda hannunta ba zai kai ba, ta ƙudura cewa a ɗakin nan dai, ko layi ɗaya nasu ba zai shiga kunnen mijinta ba. Su rubuta nasu, ita ma tana da baki. A talabijin Baba Sitiyari ya ɓace ɓat, ba a ƙara nuna shi ba. A bakin Mai Zik kuwa yana nan daram a kujerarsa, kuma Ɗan Kwalisa ya shiga uku. Mako na farko ta jefa shi a tankin dattin jirgi har wuya. Mako na biyu gashin nan mai sheƙi ya kama da wuta, aka kashe da ruwan wanke-wanke. Mako na uku ta sa zik ɗin wandonsa ya fashe a gaban majalisar jirgi, ya fita da baya da baya yana kare kansa da faranti, kuma a duk faɗin sama babu tela ɗaya da ya yarda ya gyara masa. In an ji shi yana dariya a talabijin, ta ce dariyar borin kunya ce. In aka sa kiɗa mai taushi don yana riƙe da hannun budurwarsa, ta ce Baba ne ya tuna marigayiya matarsa. Direba ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki."

Wallahi daɗi take ji. Tana cikin ɗinki ranar Laraba sai ka ga ta yi murmushi ita kaɗai, ta samo sabuwar azabar da za ta gana wa yaron nan ranar Asabar.

Bai ishe ta ba. Auta ta nuna mata a waya inda 'yan kallo ke taruwa suna zuba ra'ayi, dubbai, wasu na kuka, wasu na rantsuwar sun daina kallo, wasu kuma na cewa wannan ne karo na farko da shirin ya yi hankali. Mai Zik ta jawo Auta ɗakin girki, ta rufe ƙofa, ta ce, "Rubuta. Ki ce wanda ya tsara wannan, Allah ya sa ya tsufa a gaban 'ya'yansa su riƙa yi masa gwalo ta baya."

"Haba Inna, wannan ai ya yi zafi."

"Rubuta na ce! Da hannunki ko da nawa?"

Aka rubuta. Mutum ɗari huɗu suka nuna sun ji daɗi. Wani kuma ya amsa da cewa, "Gwaggo, a je a sha magani a kwanta." Ta sa Auta ta karanta mata amsar sau uku don ta haddace, sannan ta tambaya ko wayar na nuna layin da yake zaune.

Babban haɗarin dai Mai Aski ne, don duk Lahadi da hantsi takan riƙe hannun Direba ta tsallakar da shi titi a gyara masa gemu. Ta riga ta je ta same shi tun farko, ta tsaya a ƙofar shagon da almakashi a hannu, ba don komai ba, mantawa ta yi ba ta ajiye ba. Ta ce, "Kai, a gaban maigidana Baba na nan yana tuƙi. Ka ji ni da kyau?" Ya ce, "Na ji, Yaya." Amma bakin Mai Aski ba ya da birki. Lahadi ta biyar, ya shafa wa Direba kumfa, yana wasa reza, sai ya ce, "Ai ni tun da aka cire tsohon nan..." Ya ɗago ya ga idon Mai Zik ta madubi. "...aka cire masa, wato, bandejin hannu, na ga ya ƙara ƙwari." Direba kuwa kumfa ce a bakinsa.

A ranar wandon Mai Aski na fita unguwa yana wurinta, an kawo kalmasa. Ta rage ƙafar hagu da faɗin yatsa biyu, ta bar ta dama yadda take, ta goge ta ninke masa tsaf. Sati guda bawan Allah yana tafe yana duban ƙasa, yana cewa titin nan kamar ya fara gangara. Da ya gano ya zo da ƙorafi, ta dube shi ta ƙasan tabarau ta ce, "Zamani ne ya zo." Bai sake ba.

Akwai wata Asabar da ta kusa tuntuɓe ba ta ma sani ba. Ta ɗauko labari mai zafi, wai jirgi na hawan wani tudun iska mai tsayin gaske da cikakken lodi, Baba ya dage yana zufa. A talabijin kuwa ana shan shayi ne a ɗakin kyaftin. Direba ya ce, "A wace giya ya hau?" Ta ce, "Ta huɗu," don a ganinta huɗu ta fi ɗaya girma. Ya juya makullinsa, ya ce, "Ikon Allah. Dattijo ya ƙware." Ita kuwa har da gyara zama, ta ci nasara.

Mako tara aka yi haka, sai ga kashin ƙarshe na zangon. Ta shirya wa Ɗan Kwalisa babbar sallama, za ta sa a manta shi a wani dutse da babu kowa sai iska. Ta zuba shayi, an fara, ta buɗe baki ke nan, sai hoton ya koma wani ɗan ɗaki a can ƙasan jirgin, cike da tarkace. Aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a jikin ƙarfe. Aka yi gyaran murya.

Direba ya miƙe zaune har shayi ya zube masa a gwiwa. "Ga shi nan! Ya dawo!"

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Ɗakin ya yi tsit, sai dashasshiyar muryar nan da ke fita daga talabijin. Mai Zik ta juyo ta dube shi.

"Ya dawo daga ina?" ta ce a hankali. "Ai yana nan."

"Kwandasta." Ya juyo da fuskarsa wajenta. "Shekara talatin da biyar ina gane ciwon inji daga tari ɗaya. Muryar da na yi shekara goma sha ɗaya ina ji ce za ta ɓace mako tara ban sani ba? Kuma wa ya taɓa hawa tudu da lodi a giya ta huɗu?"

"To me ya hana ka magana?"

"Zik ɗin nan da ya fashe," ya ce, bakinsa na rawa tsakanin dariya da wani abu daban. "Na so in ji ƙarshensa. Amma wannan, don girman Allah, karanta min shi yadda yake."

Ta juya ga talabijin. Ɗan Kwalisa ne ya sauko ɗakin tarkacen, na'ura ta rikice, ya zo neman tsohon. Baba na zaune a kan akwati, ya rame. Rubutu na wucewa, ta bi shi. Ta fara gaya masa abin da ya faru a kashi na huɗu, wayoyin da ke lilo, da tsatsar, duka. Sannan ta karanta abin da dattijon ke cewa: "Ba na jin haushin na'ura, aikinta ta yi. Ba na jin haushinka, kai ne ma ka buɗe murfin. Waɗanda suke sona nake jin haushi. Kullum suna kallona ina zufa a kan sitiyarin da ba ya juya komai, suna tafa min. Da sun gaya min, da na nemi wani aikin da hannuna zai yi wa jirgin nan."

Ta tsaya. Ta tsani marubutan nan a lokacin fiye da kowane lokaci, don sun shigo har ɗakinta sun faɗi abin da ba ta ba su izini ba. Aka sa kiɗan rufewa, sunayensu na hawa ɗaya bayan ɗaya, ta bi kowanne da harara.

Direba ya laluba ya ajiye kofin a ƙasa. "Kashe shi." Ta kashe. "Takardar likitan nan tana durowar keke, ƙarƙashin maɓallai. Ina jin ƙararta duk lokacin da kika ɗauki gwangwanin. Ɗauko."

"Maigida, ai na karanta maka ita."

"Kin karanta. Ranar na ji inda kika canza giya."

Ba ta taɓa jin nisan taku uku kamar na ranar ba. Ta yaye zanen keke, ta jawo durowa, ta ɗaga gwangwani. Takardar ta yi laushi a wurin ninki. Ta dawo ta zauna, ta gyara tabarau, ta fara daga sama, kuma da ta zo layi biyun ƙarshe ba ta rage gudu ba. Jijiyoyin idanun biyu sun mutu. Babu magani ko aikin da zai dawo da gani.

Ya ce ta sake karanta wurin. Ta sake, hawaye na ɗiga a kan takardar. Tsoro take ji ƙarara, kada ya ce daga yau ko kwalin magani Auta ce za ta riƙa karanta masa.

A waje ana jin Mai Aski na jan ƙofar shagonsa. Can Direba ya miƙo hannu, ta ɗauka wuyan hannunta zai kama irin na ranar asibiti, sai ta ji ƙarfe mai ɗumi a tafinta. Makullin bas ne.

"Gobe ki aika wa mijin Auta ya zo ya ɗauka. Ki ce masa ba ta son a tashe ta da gaggawa, ya ba ta minti goma." Ya goge fuskarsa da hannun riga. "Shekara biyu kina kallona ina ɗumama inji, Kwandasta."

"Na yi laifi."

"Kin yi. In rami ne ki ce rami. Ni ne zan san yadda zan bi da shi."

Ta ce to. Ta tashi ta rataye makullin a ƙusar da take rataye almakashi, ta ɗauko tsumma ta durƙusa tana goge masa shayin da ya zube a gwiwa.